Kifin da Alhaji Ya Nuna da Yatsa

Akwai ranar da mutum kan manta da ita tun kafin ya kwanta barci, akwai kuma wadda take bin sa har tsufa. Tawa wata Juma'a ce a birnin Guangzhou, a ƙarshen shekarun casa'in, ranar da aka kawo mini karatuna gaba ɗayansa a cikin bahon roba, yana buɗe baki yana rufewa, aka kuma ce in fassara yadda za a dafa shi. Na manta sunayen tituna da yawa na garin nan, na manta rabin Sinancin da na koya, amma wannan ranar ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Ni mutumin Kano ne, kuma har na gama digirin farko ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga faɗi ba. Ilimin dabbobi na karanta. Da gurbin ƙaro karatu a ƙasar Sin ya fito, na ɗauka za a ba ni kiwon tarwaɗa ko karfasa, abin da zan dawo gida in ci moriyarsa. Sai takarda ta zo da kiwon kifin teku. Mutumin da ya miƙo mini ita a ofis ya ce kifi ai kifi ne, in je kawai. Ban yi musu ba. A lokacin ban iya musu ba sam. Ni ne irin yaron da idan aka taka masa ƙafa a layi, shi yake ba da haƙuri. Littafi kaɗai nake iya yi wa gardama, shi ma da fensir, a gefen shafi.

Kifin da aka ɗora ni a kansa Turawa suna ce masa gurufa, Sinawa kuma shiban. Kifi ne mai ƙaton baki, leɓen ƙasa ya fi na sama fitowa, jikinsa da ɗige-ɗige kamar an yayyafa masa manja, fuskarsa kullum a murtuke kamar wanda aka tasa daga barci. A cikin duwatsun teku mai ɗumi yake zama. Dangi ne babba, tun daga ƙattin da suka fi mutum nauyi har zuwa 'yan ƙananan da ba su fi ɗan yatsa ba, masu launi kamar sabuwar atamfa. Abin da ya sa malamina ya damu da shi kuwa shi ne, irin wanda muke kiwo duk mata ake ƙyanƙyashe su. Sai sun yi shekaru, sun girma, sannan wasu daga cikinsu su juya su zama maza. Masu gonar kifi a bakin teku suna shan wahala saboda haka, don ga mata rututu amma ba namijin da zai sa ƙwai ya yi rai. Aikina shi ne in bi kifi tun yana mace har ya gama juyawa da kansa, ba tare da an yi masa allura ba, in rubuta duk abin da ya faru a cikinsa.

Da kifaye da dama na fara. Sanyin shekarar farko ya kashe wasu, ciwon fata ya kwashe wasu, sauran kuma suka zauna abinsu a mata, ba su da niyyar zuwa ko'ina. Guda ɗaya ne kawai ya soma tafiyar. Duk wata sai in sa masa maganin barci a ruwa, in zura siririn bututu in ɗebo ɗan abin da ke cikinsa, in duba a madubin ƙara girma. Ƙwayayen suna shanyewa, alamun namiji suna fitowa sannu a hankali. Na maƙala masa 'yar roba rawaya mai lamba a gindin ƙayar bayansa don kada ya ɓace mini cikin 'yan'uwansa. Malamina ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa idan kifin nan ya kai ƙarshe, na sami digiri. Idan ya mutu a hanya, sai dai in sake daga farko, kuma gurbin karatuna ba shi da sauran shekarun da zan sake komai. Wato in koma Kano hannu biyu, in gaya wa mahaifina cewa na tafi ƙasar Sin na yi shekaru ina kallon kifi.

A wancan lokacin mutanenmu ba su da yawa a garin. 'Yan kasuwa ƙalilan ne suka gano hanya, suna biyowa ta Hong Kong, su sauka a masaukan da ke kan titin Huanshi Lu. Cikinsu akwai wani Alhaji, aminin mahaifina, mai sayar da kayan sawa a Kantin Kwari. Tun zuwansa na farko mahaifina ya aiko mini cewa in zama ƙafarsa da bakinsa. Sinancin Alhaji bai wuce nihau da sheshe da meyo ba, wato sannu, na gode, da babu, kuma da su yake zaga kasuwar tufafi ta Baima hawa-hawa. Idan ya ɗauki riga, ba ya duba ɗinki, ba ya duba yadi, sai ya fara juya wuyanta ya nemi lamba. Kaya marar lamba a wurinsa shara ne. Ni ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Sarkin Ruwa, kuma duk wanda ya gabatar da ni gare shi sai ya ƙara da cewa gwamnati ce ta turo ni in koyo yadda za a haƙa wa Kano teku.

Kullum tare yake da wani mutumin Kumasi, ɗan zango, wanda yake shirya masa kwantena. Ƙato ne, dogo, mai dariyar da ake ji daga hawa na uku. Ɗaki ɗaya suke kamawa a masauki, suna faɗa da safe a kan fanka, su shirya da azahar a kan abinci.

Maganar abinci kuwa, a nan mutanenmu suka samo wa kansu mafita. Nama a garin nan abin tsoro ne, ba ka san wa ya yanka ba, ba ka ma san na mene ne ba. Amma kifi ba ya bukatar yanka. Don haka suka maƙale wa wani gidan abincin teku a bayan Huanshi Lu, mai tankunan gilashi jere tun daga bakin ƙofa. Al'adar wurin ita ce mai gayya ya je gaban tanki ya nuna kifin da yake so da yatsa. Sai ma'aikaci ya kamo shi, ya kawo shi gaban teburi da ransa yana fisge-fisge, don baƙo ya shaida ba a ba shi mushe ba. Da an gyaɗa kai, shi ke nan, an wuce da shi madafa. Alhaji yana son wannan al'ada ƙwarai. Ya ce ita kaɗai ce ya ga Sinawa sun yi da ta yi kama da hankali. Kuma kullum shiban yake nunawa, mafi girma, yana cewa tun da ya fara cinsa yake jin kansa kamar ɗan talatin.

Sai guguwar teku ta zo da damina. Ruwa ya shiga ɗakin tankunanmu da ke ƙasan bene, ya ƙone injinan da ke tace ruwa da ba shi iska. Aka ce gyara sai bayan kwanaki. Malamina yana can bakin teku wajen masu ƙyanƙyasar kifi. Abokan karatuna kifayensu ƙanana ne, suka zuba su a bokitai da 'yan injinan batir. Nawa ya kai tsawon hannuna tun daga kafaɗa, ba bokitin da zai ɗauke shi. Ina tsaye cikin ruwa har gwiwa, sai gidan abincin nan ya faɗo mini a rai. Ruwan gishiri ne a tankunansu, kuma suna da janareta.

Matar da ke da wurin ta saurare ni har ƙarshe, tana kallona kamar mai neman a ba shi ajiyar akuya a mahauta. Amma ta san ni, ta san ni nake kawo mata masu manyan riguna, sai ta yarda. Ta ba ni tankin can ƙurya, shi kaɗai a ciki, ta tara ma'aikatanta ta ja musu kunne cewa kifin ɗalibi ne, ba na ci ba. Kullum da safe nake zuwa in auna gishirin ruwan da ɗuminsa, in ba shi abinci, in tsaya ina kallonsa yana harara ta. Ban gaya wa Alhaji ba. Na san idan ya ji, sunan Sarkin Ruwa zai sami ƙari, kuma har Kano za a ji.

Ranar Juma'ar, Alhaji ya shirya gagarumar gayya. Akwai wani laoban, wato mai masana'anta, da yake so ya ɗinka masa kayan Sallah kafin na kowa, kuma an gaya masa Basine ba ya sa hannu a komai sai bayan ya ci ya ƙoshi. Da muka fito daga masallaci muka wuce gidan abincin. Alhaji ya ce in tsaya a bakin titi in taro baƙon, shi da mutumin Kumasi za su shiga su shirya wuri. Na tsaya, sanye da farin kaftanina na Juma'a. Laoban ya iso a makare, gajere, da sigari a baki da ƙatuwar wayar hannu wadda ya ajiye a tsakiyar teburi don kowa ya gani. Na kai shi ɗakin da aka ware mana, aka gaisa, aka ɗauraye kofuna da ruwan shayi kamar yadda suke yi. Na lura ban ga matar mai wurin ba, ma'aikacin da ke yi mana hidima kuma baƙuwar fuska ce. Daga baya na ji ta tafi kasuwar kifi, shi kuma a ranar ya kama aiki. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Hankalina yana kan yadda zan fassara wa laoban cewa Alhaji ya ce shi ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai ƙofa ta buɗe, ma'aikacin ya shigo da jan baho a rungume, ya dire shi a ƙasa kusa da ƙafata. Ruwan da ke ciki bai ko rufe bayan kifin ba. Na leƙa. Na ga leɓen. Na ga ɗige-ɗigen. Na ga 'yar roba rawaya da lambar da na rubuta da hannuna.

Alhaji ya gyara zama, ya tattare hannun babbar rigarsa, fuskarsa cike da annuri.

"Sarkin Ruwa, gaya masa ni da kaina na zaɓo. Na zaga duk tankunan gidan nan, shi kaɗai ne mai lamba. Sauran duk jabu ne."

Yau da nake rubuta wannan, na san abin da ya kamata in ce. Gajeruwar magana ce da ko yaron goye zai iya: Baba, nawa ne. Amma ni an raine ni a gidan da ba a ce wa aminin uba ya yi kuskure, balle a gaban baƙonsa, balle kuma a ɗauke abinci daga gabansa. Kifin ya yi fisga ɗaya ya watsa mini ruwa a ƙafa. Ma'aikacin yana tsaye yana jiran a gyaɗa kai. Sai na yi abin da na fi iyawa a duniya, na kama karatu.

"Baba, akwai wani abu game da irin kifin nan da ya kamata a sani."

"Haram ne?"

"A'a, halal ne."

"To mene ne?"

"Mace ne. Wato da mace ne. Yanzu yana kan hanyar zama namiji, ya yi kamar rabi."

Alhaji ya dube ni, ya dubi bahon, ya sake duba na. A hankali ya tambaya wa ya yi wa kifin wannan aika-aika, Sinawa ne ko. Na ce ba kowa, haka Allah ya halicce su. Kuma da yake bakina ya riga ya buɗe ta ɓangaren da ba na jin kunya, sai na zarce. Na bayyana musu cewa duk mata ake ƙyanƙyashe su, cewa duk wani ƙato da ka gani a cikinsu ya taɓa yin ƙwai a ƙuruciyarsa. Na ce akwai ma ƙananan danginsu a wasu tekuna da suke mace da namiji a lokaci guda, idan biyu suka haɗu sai su riƙa karɓa-karɓa, yanzu wannan ne uwar, an jima shi ne uban. Na faɗi sunayensu na Latin. Har yanzu ban san wa na faɗa wa ba.

Mutumin Kumasi ya ajiye kofinsa a hankali, kafaɗunsa sun fara rawa.

"Alaji, ba wannan ne kake ci duk zuwa ba? Wanda ka ce yana mai da kai ɗan talatin?"

Alhaji bai kula shi ba. Ya sunkuyo wajena, ya rage murya, ya tambaye ni ko abin yana juyawa ta ɗaya ɓangaren. Mai hankali da sai ya ce a'a ya huta. Ni kuwa ban iya ba da amsar da ba ta cika ba. Na ce a wasu danginsu an taɓa gani, idan aka haɗa maza biyu a wuri ɗaya suka daɗe, ƙaramin cikinsu yakan koma mace. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi mutumin Kumasi tun daga hula har ƙasa, mutumin da suke kwana ɗaki ɗaya, wanda ya fi shi tsawo ya fi shi faɗi. Shi kuwa mutumin Kumasi ya kifa kai a teburi yana dariya har da hawaye. Na yi sauri na ce wannan duk a kifi ne, ba ya shafar wanda ya ci. Alhaji ya ce, "Kai ka gwada?" Sannan ya sa ƙafa ya tura bahon nesa da shi, ya ce a mayar, ko kyauta ba ya so.

A raina na ce ilimi ya yi rana, na ceci kifina ba tare da na ɓata wa kowa ba. Na manta akwai mutum na huɗu a teburin.

Laoban ya daɗe yana kallonmu, ɗaya yana dariya, ɗaya yana istigfari. Ya taɓa hannuna ya ce me ake ciki. Ni kuma tafinta ne mai amana, ban taɓa rage wa kowa magana ba. Na mayar masa da duk abin da na faɗa, da Sinanci, har ma ya fi fita da kyau don da harshen na koye shi. Ina magana ina ganin idonsa yana ƙara buɗewa. Ya kashe sigarinsa. Ya ce ya daɗe yana cin shiban, amma bai taɓa samun wanda aka kama a tsakiyar hanya ba. Ashe matarsa tana da ciki, 'ya ɗaya gare su, uwarsa kuma ta hana shi sakat a kan jika namiji. Su kuwa da yawansu sun yarda cewa abin da ka ci, halinsa kake ɗauka. Kifin da ya tashi daga mace ya nufi namiji, a ganinsa, ba abinci ba ne, magani ne da aka aiko masa har teburi. Ya juya ga ma'aikacin da yaren Kanton na mutanen garin, da sauri-sauri: a turara jikin da citta da albasa, kan kuma a yi romo a zuba masa a kwano mai murfi zai kai gida.

Alhaji ya tambaye ni me ya ce. Na fassara. Fuskarsa ta washe nan take. Ga baƙo ya yi murna, ga shi shi ba sai ya ci ba. Ya ce a ba shi duka, ya ci shi kaɗai, Allah ya sa ya amfane shi. Ya gyaɗa wa ma'aikacin kai. Laoban ma ya gyaɗa. Ma'aikacin ya sunkuya ya ɗauki bahon ya fita.

Ban san lokacin da na tashi ba. Abin da na tuna shi ne kujerata ta faɗi a bayana, kuma ina gudu a tsakanin teburan mutane da kaftani, abin da ban taɓa yi ba ko a filin makaranta. Na cim masa a bakin madafa. Ta ƙofar ina hango mai dafa abinci yana goge katakon sara, da guduma a hannu. Na rungumi bahon ta ɗaya gefen, na ce wa ma'aikacin, wanda bai taɓa jin Hausa ba a rayuwarsa, "Nawa ne." Ya ja, na ja. Na sake faɗa da Sinanci, na faɗa da ɗan Kantonancin da na tsinta, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har masu cin abinci suka ajiye tsinkayen da suke ci da su suna kallo. Ya saki. Na juya da bahon a ƙirji, ruwan kifi yana bin kaftanina har cikin takalmi, na kai shi tankin ƙurya na juye.

Kifin ya nutse ya kwanta a gefe ɗaya, cikinsa fari yana kallona. Na naɗe hannun riga, na zura hannuwana na tallafe shi, na fuskantar da bakinsa wajen da ruwa ke kwararowa don ya ratsa ta maƙoshinsa. Ina cikin haka sai na ji mutane a bayana. Alhaji ne da mutumin Kumasi da laoban, sai kuma matar mai wurin da ta shigo daidai lokacin da kwandon kaguwa a hannu. Da ta ga abin da ya faru ta sauke wa sabon ma'aikacin ruwan faɗa, har na ji tausayinsa, don shi abin da aka nuna masa da yatsa ya kamo. Daga faɗan nata laoban ya gane komai. Ni kuma, hannuwana cikin ruwa, ban ko juyo ba, na gaya wa Alhaji. Na ce kifin nan shi ne karatuna, in ya mutu na tashi a banza. Bai ɗauke ni numfashi biyu ba.

Alhaji ya ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Kunya, Baba."

"Kunyar da ta hana ka cewa naka ne, ita ce ba ta hana ka faɗin abin da ka faɗa mini a gaban mutumin Kumasi ba?"

Na ci gaba da tallafe kifina. Ya matso kusa da gilashin, ya leƙa kifin da ɗazu ya tura da ƙafa, na ji yana motsa baki yana addu'a. Ban san wa yake yi wa ba, ni ko kifin ko kansa. Laoban ya ce shi tun yana yaro ya bar makaranta, kuma ba zai zama mutumin da ya cinye jarrabawar wani ba. Ya dai roƙi a cika masa kwalba da ruwan tankin. Na so in gaya masa ruwan gishiri ne da kashin kifi, sai na ga matar tana yi mini ido, na bari. Muka tsaya cirko-cirko, manyan riguna da kwat da rigar aikin madafa, muna kallon maƙoshin kifi. Can sai na ji ya motsa a tafina. Ya miƙe, ya karkata, ya sake miƙewa, sannan ya fisge daga hannuna ya koma ƙuryarsa ya juyo yana hararar mu gaba ɗaya. Mutumin Kumasi ya ce ko shi aka yi wa haka, hararar da zai yi ke nan.

Muka koma teburi, ni a jiƙe ina warin teku. Dole dai a ci wani abu. Alhaji ya ce shi da shiban har abada. Ya ja ni gaban tankuna, ya zaga, ya zaga, ya tsaya a kan wani matsakaicin kifi baƙi-baƙi mai faɗin jiki, marar lamba, marar ɗige, mai kama da mutumin kirki. Ya nuna shi da yatsa.

"Wannan fa, Sarkin Ruwa? Yana da wani labari?"

Na san kifin sarai, akwai babi guda a kansa a littafin da ke kan teburina. Shi nasa tsarin akasin na shiban ne: duk maza ake ƙyanƙyashe su, sai sun girma su koma mata. Na ji bayanin ya taso mini, da sunan Latin ɗinsa da komai. Na dubi Alhaji, na dubi kifin, na tuna halal ne kuma ba ya cutar da kowa.

Na ce, "Kifi ne mai daɗi, Baba."

Ya cinye shi tas, har ya tsotse ƙaya, yana cewa wannan shi ne kifin maza. Laoban ya ɗinka masa kayan Sallarsa kafin na kowa, ya ce bai taɓa zuwa gayyar da ta kai wannan ba. Abin da matarsa ta haifa kuwa ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Kifina ya koma makaranta bayan an gyara injina, ya ƙarasa tafiyarsa kafin sanyi ya shigo, na rubuta bincikena, na kare shi a gaban malamai, aka ba ni digiri. Da Alhaji ya ji ya kammala, sai ya aiko mini da goro ta hannun mutumin Kumasi, wai barka da samun ɗa namiji. Kafin in koma gida kuma ya riga ya baza a Kwari cewa yaron wane ya koyo mayar da mace namiji a ƙasar Sin, har mahaifiyata ta gaji da korar masu zuwa neman taimako a asirce. Alhaji ya ci gaba da cin baƙin kifinsa duk zuwan da ya yi har ƙarfinsa ya ƙare, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin labarinsa daga bakina ba.

Abin da ranar nan ta koya mini ban same shi a kowane littafi ba, ni da na ɗauka komai yana cikin littafi. Doguwar maganar da na yi don in kauce wa gajeruwa ta ba dattijo kunyar da ta fi wadda nake gudu, ta kuma kusa kai karatuna tukunya. Tun daga nan, idan abu nawa ne kuma ana shirin wucewa da shi madafa, nakan faɗa tun kafin a gyaɗa kai, da ladabi amma a fili. Idan kuma sani ne kawai yake cin raina, ba wanda zai cutu in na yi shiru, sai in bar mutum ya ci kifinsa.